Daka Babu Hatsi

Bana marka ta same ni da rufi mai yoyo. Kwanon ɗakina ya tsufa, ƙusoshinsa sun saki, silin ya yi ciki ya yi baƙi ta kusurwar gabas. Na jera bokiti biyu da roba da wata tsohuwar tukunya da na daina girki da ita, kowanne da irin kukansa. Bala kafinta ya ce mini Litinin, ya ce Alhamis, ya sake cewa wata Litinin. In na kira shi sai ya ce yana Bakura kan wani aiki, ga shi nan tafe. Ni dai ban san wace irin hanya ce tsakanin Bakura da Talata Mafara ba, da mutum zai yi mako uku a kanta yana tafe.

Ranar Larabar makon jiya da hantsi ina tsane ƙasa da tsumma, autata Rabi tana bakin gado ta naɗe ƙafafu, idonta a kan waya. Sai ta miƙo mini.

"Inna, dubi wagga baiwar Allah. Ɗaki ya hwaɗa mata, ana haɗa taimako. In tura?"

Na ce ta tura, ta haɗa da nawa. Ta danna nan, ta danna can, wayar ta yi ɗan kuka, ta ce an gama. Ko tsumman hannuna ban matse ba sadakarmu ta isa garin da ban taɓa takawa ba. Ina son wannan abu, ba zan ɓoye ba, musamman yanzu da gwiwa ba ta bari in yi yawo. Amma na daɗe ina kallon hoton. Ba faɗaɗɗen bangon na tsaya kallo ba. Kayan tsohuwar na tsaya kallo, yagaggiyar tabarma da tukwane a kife da ƙwarya babu komai a ciki, duk a fili, duk wanda ya ga dama ya leƙa.

"Ai ɗakin Balki ma ya tsage," in ji Rabi. "Bari in shiga in ɗauko hoto in sa. Kahin magariba an haɗa mata."

Balki maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu, rashin zaman lafiya ya koro ta daga ƙauye da 'ya'ya uku, tana zaune a wani tsohon gidan ƙasa na kawunta.

"Aje wayar nan tukuna," na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na yi nufi, har yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ba da ita nake ba. Wata damina ce ta faɗo mini a rai, ta shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

A Dosara aka haife ni, ni ce 'yar fari, kuma ina da kamar shekara goma sha biyu a lokacin. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, abin da muka tara bai kai rabin rumbu ba. Muka ci rani da shi a hankali. Da bazara ta shigo, zafi ya sauka irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta, kaji su buɗe baki su lafe a gindin bango.

A garinmu bazara lokacin yaɓe ne. Kafin ruwan farko, duk mai soro, wato ɗaki mai rufin ƙasa, sai ya sa an hau rufinsa an duba azara, an toshe tsaga, an sake yaɓe, an gyara indararo. Ba a yi wa mutum wannan aiki don lada. Gayya ake kira, yau gidan wane, gobe gidan wane. Abu ɗaya ne a kan mai gida, ya ciyar da waɗanda suka zo, fura da hantsi, tuwo bayan azahar, kuma a ƙoshi. Babanmu, Malam Mamman, ya je gayyar kowa a wannan shekara. Shi ne kan gaba wajen kwaɓa ƙasa. Amma da aka zo kan gidanmu sai ya ce rufinsa lafiya lau yake, bara ya yi masa aiki mai kyau. Ya kuma liƙe bakin rumbunmu da laka, kamar mai tanadin hatsi sai tsakiyar damina. Mu na cikin gida mun san ɓeraye ma sun daina shiga rumbun nan.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Innarmu tana da tsohon ciki. Abinci ya koma sau ɗaya a rana, daga nan ya koma abin da na samo a bayan gari, tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Yunwar damina daban take. Ko'ina kore shar, gona ta yi kyau, gero ya kai ƙugu, amma babu abin da za ka kai baki. Ƙannena biyu suka daina wasa, sai su zauna a ƙofar ɗaki suna bin kowa da ido.

Da sassafe kuwa garin duka daka ne. Kowane gida turmi na tashi, kuma mata sun san turmin juna kamar yadda suka san muryar juna. Gidan da ya yi shiru kwana biyu, an san abin da ake ciki. Ranar da hatsinmu ya ƙare ƙarƙaf, Inna ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, kunyar ɗan fari.

"Ke wagga, ɗauki taɓarya."

"Inna, mi za ni dakawa?"

"Zuba ƙaiƙayi ki daka. Kar a ji gidanga shiru."

Na daka ƙaiƙayi har ya zama ƙura, ya ƙare. Daga nan na ci gaba da dakan turmi haka nan, itace a kan itace, kullum safe, daidai lokacin da kowa ke yi. Idona na ganin duhu-duhu, wani lokaci in jingina da taɓaryar har jiri ya wuce. Matar maƙwabcinmu, Iya Ige, takan ɗaga murya ta bayan katanga ta ce, "Hajo, sannu da daka!" Ni kuma in amsa da fara'a, "Yawwa Iya, sannunmu!" Ina jin daɗi a raina cewa mun rufe asirinmu.

Ana cikin haka Inna ta haihu, namiji. 'Yar akuyar da ta rage aka yanka aka yi suna. A soro take jego, don a nan gadon ƙasa yake wanda ake hura wa wuta a ƙarƙashi, ɗayan ɗakin kuwa jinka ce da ta riga ta zama rariya. Sai marka ta kama. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, ruwa ba mai ƙarfi ba amma ba ya tsayawa. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, tufafi suka yi wari, bango ya sha ruwa har in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Rufin soron ya yi nauyi, ya fara saukowa ta tsakiya. Da farko ɗigo ne, muka tara ƙore. Daga baya ƙasa ta fara zubowa, wata safiya na kakkaɓe ta daga zanen da aka lulluɓe jariri da shi. Baba ya samo gwafa ya tokare azarar tsakiya. In iska ta kaɗa sai ka ji itacen ya yi ƙas, kowa ya ɗaga kai.

"Malam, ka yi ma mutane magana," in ji Inna. Ban taɓa jin ta roƙe shi abu sau biyu ba sai ranar.

"In kira su in ba su mi? Ruwan randa?"

"Ɗakinga zai hwaɗo muna."

"Allah shina nan. Saura kaɗan gero shi nuna."

Ya fita ya bar ta tana kallon rufi, jariri a ƙirjinta. Na ji haushin Baba ranar, kuma na ji tausayinsa, don na ga yadda ya tsaya a zaure ya dafe bango ya daɗe bai motsa ba.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya ɗan tsagaita. Da hantsi, lokacin da mutane ke wucewa gona, sai muka ji ana kwaɗa kira a ƙofar gida. Baba Ɗanjuma ne, mijin Iya Ige, mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kowa har ta dabbobi. Ranar ko cikakkiyar sallama bai yi ba.

"Mamman! Hito nan!"

Baba ya fita, na bi bayansa na laɓe a zaure. Mutane sun fara tsayawa da fartanyu a kafaɗa.

"Lahiya, Ɗanjuma?"

"Ina lahiya? Indararon gidanka ya karkace, ruwan rufinka duka bisa katangata shika zuba. Ka ƙi yin yaɓe da bazara, yanzu ni za ka kayar ma gida?"

"Ka yi haƙuri. In kaka ta yi sai in gyara."

"Katangata ta jira ka har kaka? Ko ka bari in kawo mutanena in gyara abin da ka ɓata, ko mu tahi gaban mai gari yanzunga. Kuma ba don kai za ni yi ba, don katangata na. Kar a girka ma mutanena komi gidanga, ni na kira su, ni ka ciyar da su. Ban son gori."

Fuskar Baba ta yi duhu. Can ya ce, "Tunda ta kai ga haka, yi abin da ka ga dama." Ya juyo ya shigo.

Ni kuwa baƙin ciki ya kama ni, saboda na san ƙarya ce. Ni ke tara ruwa a ƙarƙashin indararon nan. A lungu yake zuba, tsakaninsa da katangar Baba Ɗanjuma ya fi taku huɗu. Na tari Baba na ce, "Baba, ai ruwan bai taɓa katanga tai ba, ka hwaɗa ma mutane!" Ya dube ni wani irin kallo ya ce, "Yi min shiru." Na ɗauka tsoron mai gari ne ya kama shi, na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Washegari suka zo, mutum takwas da magini. Iya Ige ta shigo ta ce mai jego ba ta zama cikin ƙura, ta ɗauki jariri ta sa Inna a gaba zuwa ɗakinta. Aka kafa tsani aka fara kwashe tsohuwar ƙasa. Da aka kai ga azara, guda uku suka marmashe a hannun magini, gara ta cinye cikinsu ƙaf, sai fatar waje. Na ji ya yi salati a hankali. Ya ce da na kusa da shi, "Marka guda ta rage ma ɗakinga." Ba wanda ya dubi Baba, shi ma bai ɗago daga kwaɓar da yake yi ba.

Na tuna aikin nan kamar jiya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka cakuɗa da ciyawa da kashin shanu, ƙafafun maza suna tattaka ta har gwiwa, ana jefa curi daga ƙasa ana cafewa a sama, jan ruwan makuba na ƙarfafa yaɓe a cikin tulu. In hadari ya taso a lulluɓe da zana a sauko, in ya wuce a koma. Da hantsi sai ga ƙoren fura daga gidan Iya Ige, bayan azahar akussan tuwo. Kullum sai ya yi yawa. Baba Ɗanjuma ya leƙa akushi ya tsuke fuska ya ce, "Ige ba ta san awo ba. Ku yaran ga, ku cinye, kar a maida min shi shi lalace." Muka ci har ƙanina ya yi barci da loma a hannu. Na ci ni ma, ina ci ina zaginsa a zuci.

Aikin kwana uku ne, amma sai da ya kai kwana tara. Kullum Baba Ɗanjuma sai ya samo abin da bai yi masa ba. Yau yaɓen bai kwanta ba, gobe indararon bai miƙe ba, a sake. Ranar ƙarshe ya sa aka shigo da buhun dawa aka jingine a soronmu, wai ɗakinsa na da danshi, tunda ya gyara wannan ai yana da ikon ajiya a ciki. Ya ce in ya fara ƙwari a ci, kada a bar masa ɓarna. Bai ƙara tambayar buhun ba. Da shi muka kai ranar da aka fara gasa tumun sabon gero.

Daga shekarar ban sake yi masa gaisuwar kirki ba. In na gan shi sai in rusuna rabi-rabi, in ce "lahiya" guda ɗaya in wuce. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Hajo mai hushi, mi na ci miki?" Shekara bakwai muna haka. Aka yi mini aure aka kawo ni Mafara, shekara na zagayowa aka aiko ya rasu. Na ce Allah ya jiƙansa da baki kawai, ko ƙwalla ban yi ba.

Da na koma gida haihuwar fari, bazara ce, Iya Ige ke yi mini wankan jego. Wata safiya na hango Baba a kan rufinta, shi kaɗai da tsufansa, yana yaɓe yana mita, wai in bai gyara ba ruwan gidan nan zai ci masa bango. Na ce, "Iya, Baba na da haƙuri. Bayan cin mutuncin da an ka yi mai gaban mutane?"

Ta ajiye ludayin kunun kanwa ta dube ni. Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye.

"Wai ke har yau ba ki gane ba? Ɗiyata, turmin da babu komi ciki kuka nai daban na. Kwana ashirin ina saurarenki, kina daka ina jin shi cikin ƙirjina. Ni nic ce ma maigidana mu kai muku hatsi. Yac ce in mun ka kai, Mamman zai maido shi, kuma ba shi ƙara ɗaga kai garinga. Kwana biyu ya yi shina zagaya gidanku shina neman abin da zai yi hwaɗa a kai, sai indararo ya samu."

"Dawar fa, Iya? Ku ma ai ba ku da ita."

"Ba ki lura jaki nai ya ɓace shekaran nan ba? Kasuwar Damri ya kai shi."

"Baba ya sani?"

Ta nuna rufin da haɓa. "Mi kike gani shika yi can?"

Ban iya shan kunun ba ranar. Mutumin ya sayar da jakinsa, ya ɗauki baƙin jini a gaban gari don kada ubana ya sunkuyar da kai, ni kuma na saka masa da shekara bakwai na ɗaure fuska. Har ya shiga ƙasa ban ce masa na gode ba, kuma wannan abu bai taɓa barina ba.

Wannan na ba Rabi labari ranar Larabar, ruwa na ɗiga a bokiti. Yanzu ba a daka, kowa inji yake kaiwa, ba turmin da za a saurara. Amma na san abin da na sani. Kwana goma ke nan hayaƙi na tashi a gidan Balki safe da yamma, ina jin ƙarar murfin tukunya, amma ko sau ɗaya ƙamshin miya bai tsallako ba. Na lura, kuma na yi shiru ina fama da yoyon ɗakina. Na ji kunyar kaina.

Na yafa mayafi na shiga gidan. Tana tsakar gida tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunya a rufe. Ta miƙe da fara'a za ta shimfiɗa mini tabarma, tana "Sannu da zuwa Inna Hajo, ina ruwa?" Na ƙi zama. Na ɗaga murya yadda na layi za su ji.

"Balki, bangon ɗakinki zai hwaɗo bisa garken awakina. Na yi haƙuri na gaji."

Ta dubi bangon. Ni ma na dube shi. Ko makaho ya shafa ya san cikin gidanta ya karkata, ba wajena ba.

"Inna Hajo, ai ba wajenku ya..."

"Ban zo gardama ba. Gobe za a kawo bulo da masu aiki, don awakina za ni yi, ba don ke ba. Abincinsu daga gidana za ya hito, kar ki girka musu komi. In kin ƙiya, mu tahi wurin mai unguwa."

Idonta ya cika. Ta ce, "Don kin ga ba ni da kowa garinga?" Maganar ta soke ni, saura kaɗan in rungume ta in faɗa mata gaskiya. Na cije na juya na fito. Ashe abin da wuya haka.

Sauran aikin wayar Rabi ta yi shi, tana zaune a bakin gado. Ta tura wa mai bulo, ta tura wa mai hatsi a kasuwa, ba hoto, ba sunan kowa. Bala kafinta ya iso ranar Asabar da gudumarsa yana ba ni haƙuri, na nuna masa gidan Balki na ce can zai fara. Ya dubi bokitaina ya dube ni, na ce su sun saba jira. Kullum ina sa Rabi ta tuƙa tuwon ya yi yawa. Jiya na aika da buhun masara, na ce ɗakina na yoyo, a ajiye mini.

Yau da safe na gaishe ta ta kan katanga. Ta ce "lahiya" guda ɗaya, ta juya mini baya. Ya yi mini zafi ƙwarai, kuma kwana shida kawai na yi ina shan wannan ɗaure fuska. Na dawo ɗaki na zubar da ruwan bokiti, na zauna na yi wa Baba Ɗanjuma addu'ar da ban yi masa ba ranar da aka fita da shi, na yi kukan da na hana shi. Ina cikin shafawa ƙamshin daddawa ya tsallako katanga.